Yaron Fim Idan Ya Girma: Wa Ke Daɗewa, Wa Ke Ɓacewa?

Lubabatu Gusau: Assalamu alaikum iyayenmu da yayyenmu na wannan zaure. Kusan kowane fim mai dogon zango yanzu sai ka ga an sa yaro ko yarinya, su yi tashe shekara biyu ko uku, kowa na tura guntun bidiyonsu a waya, daga nan shiru kamar an aiki bawa garinsu. Haka abin yake a ko'ina? Akwai waɗanda suka fara tun suna ƙanana har suka tsufa a cikin sana'ar? Me suka yi daban?

Malam Garba Jega: Wa alaikumus salam 'yata. Akwai su, kuma wanda ya kamata a fara da shi Ba'amurke ne, Jackie Coogan, domin alherin sana'ar da sharrinta duk sun haɗu a kansa. An haife shi a 1914. Charlie Chaplin, shahararren ɗan wasan barkwanci, ya ɗauke shi ya sa shi a fim ɗin The Kid, wanda ya fito a 1921 yaron na ɗan shekara shida. Sunan da ya yi har kayan wasan yara da kayan rubutu aka riƙa sayarwa da hotonsa. An ƙiyasta abin da ya tara a yarinta ya kai dala miliyan 3 zuwa 4, a kuɗin wancan zamani fa. Mahaifinsa ya rasu a haɗarin mota a 1935, 'yan watanni kafin shi ya cika shekara 21, shekarar da ya kamata a damƙa masa dukiyarsa. Da ya nema sai ya tarar mahaifiyarsa da sabon mijinta sun kusa cinye ta. Ya kai su kotu a 1938, abin da ya shigo hannunsa a ƙarshe dala 126,000 ne.

Da labarin ya tsaya nan da ba mu kawo shi ba. Ya shiga soja a Yaƙin Duniya na Biyu, ya dawo ya tarar ba mai neman sa a matsayin jarumi, ga sanƙo ya kama shi, ga jiki ya buɗe. Sai ya karɓi ƙananan fitowa, ya koma talabijin da ke tasowa a lokacin. A 1964, yana dab da cika shekara hamsin, ya samu matsayin wani kawu mai ban dariya a shirin The Addams Family, wanda aka yi har 1966. Yaran da suka san shi a wannan shiri yawancinsu ba su ma san shi ne yaron Chaplin ba. Ya ci gaba da fitowa jefi-jefi har kusa da rasuwarsa a 1984. Sama da shekara sittin ke nan yana gaban kyamara.

Alhaji Umaru Kamba: Allah shi gafarta Malam, wanga labari na masu miliyoyin dala ne. Mu nan nawa aka ba yaro? Kuɗin mashin da na abinci da ɗan abin da za a miƙa ma uwa tai. Wane asusu za ka buɗe da wannan?

Barista Sa'adatu: Alhaji ranka ya daɗe, ai ƙanƙantar kuɗin ce ma ta sa ya fi saurin salwanta. Bari in ɗora a kan maganar Malam. Shari'ar Coogan ce ta sa jihar Kalifoniya ta yi doka a 1939 wadda har yau da sunansa ake kiran ta. Ta farkon tana da rami, don ba ta shafi kowace yarjejeniya ba sai wadda aka kai gaban alƙali. An gyara ta daga shekarar 2000: kuɗin na yaron ne, ba na iyayensa ba, kuma wanda ya ɗauke shi aiki dole ya zuba kashi 15 cikin ɗari a asusun da ba mai taɓawa sai yaron ya kai 18. Indiya ta yi nata tsarin a 2017: aƙalla kashi 20 cikin ɗari a ajiye a banki da sunan yaron, aikin kada ya wuce awa biyar a yini, kada a haɗa masa fiye da awa uku ba hutu, kuma sai furodusa ya karɓo izini daga hukumar gunduma kafin a fara.

Mu nan Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta ce duk wanda bai kai 18 ba yaro ne, kuma ta hana sa shi aikin da za a ci da guminsa. Amma abin da zai kare yaron fim a zahiri shi ne takardar da aka rubuta kafin a kunna kyamara. Uba ko waliyyi ne zai sa hannu, ba yaron ba, ba kuma yayan da ya rako shi ba. A rubuta nawa ne kuɗin, na kowane kashi ne ko na zango gaba ɗaya, da ranar biya. A rubuta inda za a nuna fim ɗin, domin abin da aka sa a YouTube yana kawo kuɗi shekara da shekaru, alhali yaron sau ɗaya aka sallame shi. A rubuta cewa ba za a yanki fuskarsa a yi tallar wani kaya ba sai da sabon izini. Shaidu biyu, kowane ɓangare ya riƙe kwafi.

A ce zango ɗaya an biya naira 100,000. Furodusa ya tura 20,000 kai tsaye asusun yaron, sauran ya ba waliyyi. Bankuna suna da asusun yara, takardar haihuwa da hoto da bayanan mahaifi ko mahaifiya ake kaiwa. Sirrin shi ne kuɗin kada su bi ta hannun kowa kafin su shiga.

Alhaji Umaru Kamba: Barista, 20,000 da anka aje yau, bayan shekara takwas mi za ta saya? Naira ba dala ba ce.

Barista Sa'adatu: Wannan gaskiya ne Alhaji, kuma ban ce dole sai banki ba. Idan sun taru a mayar da su kadara: tunkiya, ɗan maraƙi, 'yan kunnen zinari idan mace ce, fili idan abin ya yi auki. Sharaɗin ɗaya ne, a rubuta cewa na wane ne, da shaidu. Dabbar da ba a rubuta ba, ranar da suna ko biki ya taso a gidan ita ce farkon zuwa kasuwa, kuma ba wanda zai ce ya yi laifi.

Malam Garba Jega: A fiƙihu ma yaro yana mallaka, waliyyi mai kula ne kawai. Aya ta 6 a Suratun Nisa'i a kan dukiyar marayu ta sauka, amma tsarin da ta shimfiɗa na riƙewa har a ga hankali ya zauna sannan a miƙa a gaban shaidu, shi ne dai abin da Barista ke faɗi.

Nasiru Mai Kyamara: Ni dai a ganina kafin kuɗi ya kashe sana'ar yaro, lokeshan ke fara kashe ta. Yaron da aka gallaza wa yana da shekara takwas, idan ya kai sha biyar ko kyauta ba zai dawo ba. Ku dubi yadda Kalifoniya ta yanka awanni a ranar makaranta. Ɗan shekara 6 zuwa 9 awa takwas zai yi a wurin ɗauka, huɗu aiki, uku karatu da malamin da kamfani ya ɗauka, ɗaya hutu. Ɗan 9 zuwa 16 awa tara, biyar ne na aiki. Ɗan 2 zuwa 6 aikinsa awa uku. Jaririn da bai kai wata shida ba minti ashirin kacal. Shi ya sa suke neman tagwaye su raba musu matsayi ɗaya, kamar 'yan biyun nan Olsen da suka fara shirin Full House a 1987 suna jarirai.

Ba sai mun kwafe lissafinsu ba, amma ga abin da ke aiki a yanayinmu. A tattara duk fitowar yaro a jere, a ɗauke su da safe tsakanin ƙarfe takwas da sha ɗaya. Daga Maris zuwa Mayu a Birnin Kebbi ko Gusau zafi yana haura digiri 40, ka ƙara fitilu a ɗaki mai rufin kwano, babba ma jiri yake ji. Kada a kira yaro sai an gama saita haske da wani babba da zai durƙusa a gurbinsa. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ce kowa ya zo ƙarfe bakwai, yaro ya zauna a tabarma yana jiran jarumi har la'asar, sannan a ce ya tashi ya yi dariya. A lokacin ido ya faɗa, ya ci biskit da lemon kwalba ya ƙoshi, ba abin da zai fito.

Sannan a fara da ɗaukar fuskarsa kusa-kusa tun yana da kuzari, mai faɗi ta biyo baya. Manya akasin haka ake yi musu, shi ya sa daraktoci ke mantawa. A sauko da kyamara daidai idonsa. A manna masa alama a ƙasa inda zai tsaya, a kuma manna wata a gefen kyamara inda zai kalla, in ba haka ba idonsa zai riƙa zuwa kan darakta yana neman a ce ya yi daidai. Ɗauka uku ko huɗu ta isa. Daga ta biyar abin ya zama hadda, za ka ji yana rera maganar kamar karatun allo.

Hajiya Kulu Argungu: Nasiru ɗana, a kan haddar nan, laifin na gida ne sau da yawa. Ana ba uwa takardar labari kwana uku kafin ɗauka, ta zaunar da yaro ta yi ta nanata masa da irin muryarta da irin ɗaga girarta. Ya zo lokeshan da wasan uwarsa, ba nasa ba, kuma ba ya kankaruwa. Ƙaramin yaro a gaya masa abin da ke faruwa a fitowar, a faɗa masa layi ɗaya ya maimaita da bakinsa. In ya canza kalma ma'ana ba ta ɓaci ba, a bar shi.

Nasiru Mai Kyamara: Haka ne Hajiya. Sai maganar kuka. Mintsini, ko a ce masa babarsa ta tafi ta bar shi, ko a shafa masa man zafi a ƙarƙashin ido, duk ana yi kuma duk zalunci ne. Man zafi yana iya shiga ido ya yi lahani. Akwai ruwan gilisarin da masu kwalliya ke ɗigawa a kumatu, akwai ɗauka daga baya kafaɗa na rawa, akwai yanka zuwa fuskar babban da ke kallonsa. Mai kallo zai yi kukan da kansa.

Mustapha Edita: Yaya Nasiru ya faɗi na wurin ɗauka, ni bari in faɗi abin da ke fitowa a teburin haɗa hoto, don nan ake gane yaro ba ya tsayawa wuri ɗaya. Kafin balaga yaro yana ƙara kamar santimita biyar zuwa shida a shekara, idan ya shiga ganiyar girma namiji yana iya yin kusan goma. Haƙoran nono suna fara zuba daga wajen shekara shida har sha biyu, na gaba ne kuma ke fara tafiya. Ka ɗauki rabin fitowa kafin azumi, ka dawo ƙarasawa bayan babbar salla, sai ka ga yaro ya shiga ɗaki da haƙora ya fito da giɓi. A Amurka har haƙoran roba ake yi musu na cike gurbi. Mu maganinmu shi ne a ƙarasa duk fitowar yaro ta zango ɗaya a cikin mako biyu ko uku. Mai kwantiniti, wato mai lura da kada kamanni ko kaya su sāɓa daga wannan fitowa zuwa waccan, ya ɗauki hotonsa gaba da gefe kowace rana. A gaya wa iyaye kada a yi masa aski, kada a canza mata kitso ko a sa mata lalle sai an tambaya. Kayan sawa a ɗinka kala ɗaya saiti biyu, na biyun ya ɗan fi girma.

Murya ta fi duk wannan wahala. Namiji tsakanin shekara 12 da 15 muryarsa take fashewa, ta yi ƙasa sosai, kuma wata da watanni tana hawa tana sauka ba da izininsa ba. Idan sauti ya lalace a lokeshan, janareta ko ruwan sama a kan kwano, aka ce a bari sai an zo ɗora murya bayan wata huɗu, to wani mutum daban za ka samu a gaban makirfo. Don haka kafin yaro ya bar lokeshan a shigar da shi mota a rufe gilashi, ko ɗaki mai katifu da labule, ya sake faɗin duk layukansa sau biyu a naɗa. Minti goma ne. A lokacin hunturu a ba shi ruwan ɗumi, a shafa masa man leɓe, don ƙura tana dushe murya.

Lubabatu Gusau: Na gode ƙwarai. To amma duk wannan na lokacin da yake yaro ne. Inda suke ɓacewa ai tsakanin sha uku da sha takwas ne. Me ake yi a nan?

Malam Garba Jega: Nan ne ramin, 'yata. Abin da aka saya a wurin yaro ƙanƙantarsa ce: kumatu, tsamin baki, maganar manya a bakin ƙarami. Duk suna tafiya lokaci guda. Ya wuce a ce masa ɗan auta, bai kai a ba shi saurayi ba. Furodusa ma ya fi son ya ɗauki ɗan shekara ashirin mai ƙaramin jiki ya fito a ɗan sakandare, don ba ruwansa da iyaye da makaranta. Shawarata a janye shi da gangan kafin kasuwa ta janye shi. Ba'amurkiya Jodie Foster ta fara da talla tana shekara uku, an sa ta takarar Oscar, babbar kyautar fina-finan Amurka, a kan fim ɗinta da ya fito a 1976 tana 'yar sha uku, amma ta tafi Jami'ar Yale ta kammala a 1985. Ta dawo ta ci Oscar sau biyu, a 1989 da 1992, ta zama darakta, kuma a 2024 ta ci kyautar Emmy a shirin talabijin tana da shekara sittin da ɗoriya. Mutane sun samu lokacin mance yarinyar, sai suka karɓi matar.

Ɗan'asabe Talata Mafara: Malam, a gafarce ni, ban yarda janyewa dole ta ba. Sridevi, jarumar Indiya, fa? An haife ta 1963, tana shekara huɗu anka fara sa ta a fina-finan harshen Tamil na kudancin Indiya, kuma ba ta tsaya ba ko shekara guda. Tana sha uku, a 1976, anka ba ta matsayin babbar mace. Ta yi Tamil, ta yi Telugu, ta yi Malayalam, sannan ta tsallaka Hindi ta mamaye shekarun 1980. Hutun da ta yi sai bayan aure, daga 1997, ta ɗan yi shirin talabijin a 2004, ta dawo fim a 2012. Fim ɗinta na 2017 shi anka lissafa na 300, ta rasu a Dubai a Fabrairun 2018. Shekara hamsin ke nan. Da an janye ta tana sha biyu wa ya san ko za ta dawo?

Malam Garba Jega: Ɗan'asabe, ka kawo hujja mai ƙarfi, amma ka duba farashin. Yarinya 'yar sha uku a matsayin matar aure, wa zai yarda a yi wa 'yarsa haka a Mafara? Kuma karatun boko bai samu gurbi a rayuwarta ba. Ita ta yi nasara, shi ya sa muka san sunanta. Waɗanda aka bi da su ta wannan hanya abin bai yi ba, ba su da fim ba su da takarda.

Ɗan'asabe Talata Mafara: Na yarda da wannan. To ga hanya ta tsakiya, wadda mazan Indiya sunka fi bi: a bar gaban kyamara amma kada a bar lokeshan. Aamir Khan ya fito shina ɗan shekara takwas a fim ɗin kawunsa Nasir Hussain a 1973. Da ya tasa sai ya koma mataimakin darakta a wurin kawun, bai fito a jarumi sosai ba sai 1988. Hrithik Roshan ya yi rawa a fim shina ɗan shida a 1980, ya yi shekaru shina taimaka ma babansa a bayan kyamara, sannan ya fito a 2000. Kamal Haasan ya ci lambar zinari ta shugaban ƙasa a kan fim ɗinsa na farko a 1960, da ya zama matashi ya koma mataimakin mai koyar da rawa kafin a sake ba shi manyan matsayi. Dukansu sun dawo sun san haske, sun san yanka hoto, sun san abin da darakta ke nema tun bai buɗe baki ba.

Alhaji Umaru Kamba: Biyu daga cikin ukun nan 'ya'yan gida ne. Wanda kawu nai ke da kamfani ai ko ya yi barci shekara goma gurbi nai na nan.

Ɗan'asabe Talata Mafara: Gaskiya ta Alhaji, gata na aiki. Amma riƙe allon ɗauka, wanda ake ƙwanƙwasawa gaban kyamara kafin kowace ɗauka, da rubuta kwantiniti ba ya son gata, kowane lokeshan ana neman mai yi.

Nasiru Mai Kyamara: Ba'amurke Ron Howard ma haka ne. Daga 1960 zuwa 1968 yana yaro a shirin talabijin, ya sake wani dogon shiri daga 1974, amma idonsa na kan kujerar darakta. Ya yi ciniki da wani furodusa: zai fito masa a fim ɗaya, shi kuma a ba shi dama ya ba da umarni a na gaba. Haka ya yi fim ɗinsa na farko a 1977 yana da shekara 23, ya zo ya ci Oscar na darakta a 2002. Ga yaronmu na nan, jerin da ya fi sauƙi shi ne ya fara da riƙe allo da kula da batura da katin ajiya, ya koma kwantiniti, ya riƙe sandar makirfo, sannan ya zauna kusa da edita. Duk a lokacin hutu. Wanda ya gama sakandare yana so ya zurfafa, akwai Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa a Jos, akwai Kwalejin Talabijin ta NTA ita ma a Jos, akwai sashen wasan kwaikwayo a ABU Zariya da BUK.

Hajiya Kulu Argungu: Tunda an zo kan karatu. Yaronmu makaranta biyu yake yi, wannan ne masu tsara jadawali ke mantawa. Boko tana hutun Asabar da Lahadi, Islamiyya da ta allo galibi Alhamis da Juma'a, kuma da yawa Asabar da Lahadin ne suke yini a hadda. Ke nan babu ranar da take fanko. Abin da ya rage shi ne dogon hutu na Agusta zuwa farkon Satumba, wanda kuma tsakiyar damina ne, da gajeren hutun Disamba. A tsara fitowar yara a nan. Shekaru uku kuma a ɗauke hannu gaba ɗaya: aji shida na firamare, aji uku na ƙaramar sakandare, da shekarar WAEC da NECO da JAMB. Idan fim ɗin a Kano ko Kaduna za a yi, tafiyar kaɗai tana cin yini biyu zuwa da dawowa, a lissafa da ita, kuma yanayin hanyoyinmu ba na a sa yaro a mota da yamma ba ne. Muharrami ko uwa ta bi shi, ɗaki ɗaya za su kwana, kuma inda yake a lokeshan idonta na kansa. Ba a barin yarinya da "amintaccen" kowa.

Akwai kuma abin da ke faruwa a aji. Yaron da ya fito a maƙaryaci ko ɓarawo, sunan zai bi shi makaranta. Wanda ya fito a ɗan gata kuma malamai su riƙa ɗaga masa ƙafa har ya daina aikin gida. A sanar da shugaban makaranta tun kafin fim ya fita.

Lubabatu Gusau: Inna Kulu, mata fa? A Kannywood mun saba gani da an yi aure an bar fitowa. Ke nan yarinyar da ta fara tana takwas, ko ta tsallake ramin, sana'arta gajera ce.

Hajiya Kulu Argungu: Gaban kyamara ne gajere. Rubutun labari, shirya fim, kwalliya, ɗinkin kaya, haɗa hoto a kwamfuta, duk matar aure na yi daga ɗakinta. Shi ya sa koyon aikin bayan fage ya fi zama dole ga mace a kan namiji, kuma tun tana sha huɗu ya kamata a fara.

Ɗan'asabe Talata Mafara: Ku ƙara da murya. Akwai wata Baby Naaz da ta yi suna tana yarinya a fim ɗin Boot Polish na 1954, har anka yaba mata a bikin fina-finai na Cannes a Faransa. Da ta girma ba ta zama babbar jaruma ba, sai ta koma ɗora murya. Sridevi da ta shigo fina-finan Hindi ba ta iya harshen sosai ba, muryar da kunka ji a fina-finanta na farko da yawa ta Naaz ce, sai a 1989 ta fara ɗora tata. Mu nan ga masu fassara fina-finan Indiya, ga wasan kwaikwayon rediyo, ga tallace-tallace, kullum ana neman muryar mace mai iya karatu da fitar da harafi.

Barista Sa'adatu: Abu ɗaya da Coogan da Sridevi ba su fuskanta ba shi ne waya. Facebook da TikTok duk ƙa'idarsu shekara 13 ce mafi ƙaranci, don haka shafin da aka buɗe da sunan ɗan shekara tara a hannun wani babba yake. Wane ne shi? Sau da yawa wani ne a cikin ma'aikatan fim. Ranar da aka ɓata, ya tafi da shafin da mabiyansa, yaro ya girma ya tarar sunansa mallakin wani ne. A buɗe da lambar waya da imel na mahaifi, a rubuta a yarjejeniya. Kada a sa hoton da ke nuna kayan makarantarsa ko ƙofar gidansu, mu da muka san halin da ake ciki a yankin nan ba sai an yi mana bayani ba. Kuma a rufe wurin sharhi, ko a hana shi karantawa.

Alhaji Umaru Kamba: To na ji. Ga tambaya ta mai kuɗi a ciki. Shiri ya karɓu, an kai zango na huɗu, yaro ya yi tsawo, murya ta fashe, labari kuma bai wuce wata shida ba a cikin fim. A canza shi ko a yi yaya?

Mustapha Edita: Hanya uku ce Alhaji, kowace da inda take ciwo. Ta farko a ɗaga muryar a kwamfuta. Tana ɗaukar ɗan kaɗan, layi biyu ko uku na cike gurbi, amma in aka matsa sai ta koma irin ta zanen yara, kuma ba ta maganin tsawo. Ta biyu a canza yaro. In za a yi, a yi a farkon zango, ba a tsakiya ba, fitowarsa ta farko wani ya kira sunansa da ƙarfi, a sa masa irin hular ko rigar da aka san na farkon da ita. Masu kallo za su yi ƙorafi kashi biyu ko uku su saba. Ta uku ita ta fi arha kuma ta fi yi wa yaron adalci: marubuci ya tsallaka da labarin. A tura shi makarantar kwana ko wurin kakarsa a ƙarshen zango, sabon zango ya buɗe da "bayan shekara uku", ya dawo da sabuwar muryarsa da matsalolin saurayi. Amma sai an yi wa manyan 'yan wasan abin da zai nuna su ma shekarun sun taɓa su, furfura kaɗan a gemu, canjin labule da kujerun falo, jaririn da aka bari a goye ya zama mai tafiya.

Alhaji Umaru Kamba: Canjin kujeru kuma? Wani kuɗin ke nan.

Mustapha Edita: Riga za a ɗinka musu Alhaji, yadi goma sha biyu ya isa saiti ɗaya. Labulen a juya da na ɗakin da ba a ɗauka a ciki.